Ƙwai Ne E, Gicciye Ne A'a

Ku samarin yanzu kuna zuwa wurina kuna cewa, "Baba Bawa, za mu buɗe gidan gem, wace na'ura za mu saya?" Tambayar ke nan kullum. Har yau ba wanda ya tambaye ni wane irin mutane zai tara a shagon. A ganinku sana'ar zama ce a kan benci, a kunna talabijin, yara su danna, a miƙo kuɗi. To na yi ta shekara tara a nan Zuru, bayan tashar mota, kuma na'ura ita ce abu mafi sauƙi da na yi hulɗa da shi a shagon nan. Idan ta ƙi aiki akwai dalili, kuma dalilin yana ciki, sukurdireba za ta kai ka wurinsa.

Ku fara da hannu, wannan abin da ake riƙewa ana dannawa. Ranar kasuwa ɗaya tana iya kashe mini hannu uku. Zufa ce ke shiga, da man ƙosai, da garin kwaki. Sai ka kwance ƙusoshin baya, ka jera su a murfin gwangwanin madara don kada ɗaya ta faɗa ƙasa, ka ɗaga allon a hankali. Ƙarƙashin kowane madanni akwai roba mai baƙin ɗigo, ɗigon nan ne ke taɓa allo. Idan ya goge, ka samu fensir mai laushi ka yi ta gurzawa har ya koma baƙi. Idan robar ta yage, ka yanko farar takardar cikin kwalin sigari, mai ƙyallin nan, ka manna. Za ta kai ka sati biyu. Na'urar kanta idan idonta ya raunana ta daina karanta faifai, auduga da sifirit ne farko, in ta ƙi sai ka kifar da ita ta yi aiki a kife. Akwai wadda ta shekara biyu a shagona cikinta na kallon rufi.

Wannan duk aikin hannu ne, kowa zai koya. Abin da ba a koyar da shi shi ne mutumin da aka ci. Ɗan gem ba ya shan kashi, sai dai hannu ya ci amanarsa. Da zarar ƙwallo ta shiga ragarsa za ka ji, "Bawa, hannun nan ya mutu!" Da farko nakan tsaya gardama, in karɓa in gwada a gabansa in nuna masa lafiyarsa ƙalau. Sai in rasa mai gem, in sami maƙiyi. Daga baya na sayi salatif kala huɗu na naɗa wa kowane hannu nasa. In mutum ya yi kuka da mai jan salatif, sai in shiga bayan labule, in ɓare jan in naɗa shuɗi, in fito da shi. Ya danna sau biyu ya ce, "Yawwa, ka ji hannu!" Na yi wa wani malamin makaranta haka shekara uku bai gane ba.

Gyara na koya a wurin Oga Cidi, ɗan kudu mai shagon rediyo da bidiyo a bakin kasuwa. Shekara uku ina hura ƙura daga cikin talabijin kafin ya bari na riƙe ƙarfen dalma. Mutum ne mai faɗa, amma ba ya ɓoye sani. A shagonsa na fara ganin na'urar gem, wata toka-toka da wani soja ya dawo da ita daga waje ya kawo gyara. Da Oga ya sallame ni, a farkon shekarun dubu biyu, tun wayar hannu ba ta iso mana ba, sai na haɗa irinta guda huɗu, da tsofaffin talabijin huɗu da na tayar da kaina, da ƙaramin janareto mai tari.

Faifai kala-kala na saya, na faɗa da na tsere, amma ƙwallo ce ta riƙe shagon. Wasan ƙwallon nan na Japan ne, duk rubutunsa nasu ne, ba mai karanta ko harafi ɗaya a cikinmu. Da yatsa muka haddace shi. Ka sauka uku, ka shiga, ka sauka biyu, wasa ya fara. A hannun akwai madanni mai zanen da'ira, muna ce masa ƙwai, akwai mai layi biyu a gicce, muna ce masa gicciye. Ƙwai ne e, gicciye ne a'a. Ƙwai ka shiga, gicciye ka fita. Duk wanda ya ɓace a cikin rubutun nan, abin da ake gaya masa ɗaya ne, ya yi ta danna gicciye har ya ga hanya. Ku riƙe wannan, don a kansa na rasa shagona.

'Yan wasan ciki kuwa, in kun gan su yau dariya za ku yi. Kai kamar bulo, fuska babu hanci, hannu babu yatsu. Amma wasan yana barin mutum ya ƙirƙiri ɗan wasa, ya sa masa suna da haruffan boko, a ajiye a wani ɗan kati da ake cusawa a gaban na'ura. Wanda ya gano haka Markus ne, wani gajeren saurayi da ya gama sakandare yana jiran ɗaukar soja, kamar rabin samarin garin nan. Shi ya zauna kwana biyu ya haɗa ƙungiya sukutum ta mutanen shagon. Tanko mai faci ya zama ɗan baya, ni aka jefa ni gola don wai ba na gudu. Kansa kuma ya ba wa lamba tara, ya yi shi dogo har ya fi kowa a filin, ya cika masa gudu har ƙarshen ma'auni. Sunan ma da ya rubuta, MAKUS ya sa.

Na ce, "Ka manta harafi ɗaya."

Ya ce, "Bar shi haka, Bawa. Gola ba ya gyara wa mai cin ƙwallo rubutu."

Aka ɗauke shi soja a shekarar. Bayan shekara biyu aka tura su aikin kwantar da tarzoma a wata ƙasa, bai dawo ba. Can aka binne shi. Jakarsa kawai aka kawo wa uwarsa.

Wata Lahadi bayan an taso daga sujada, wani mutum ya tsaya a ƙofar shago da rigar coci, bai shigo ba. Kofur Ishaya ne, yayan Markus, wanda shi ma ya yi soja aka sallame shi bayan ya ji rauni a hannun dama, babban yatsansa ba ya lanƙwasawa. Gadi yake yi a wata makaranta. Ya girme ni da kusan shekara goma, kuma a iya sanina bai taɓa riƙe hannun gem ba.

Ya ce, "Kai ne Bawa? An ce ƙanena yana cikin talabijin naka."

Na ce ni ne. Na cusa katin, na fito da ƙungiyar, na nuna masa dogon nan mai kan bulo. Ya daɗe yana kallo. Da ya ga sunan sai ya yi wata gajeriyar dariya ta hanci.

Ya ce, "Tun firamare haka yake rubutawa. Malamai sun yi duka sun gaji." Sai ya zauna a benci. "Koya mini yadda ake sa shi gudu."

Wata uku na yi ina koya masa. Da yake babban yatsan ba ya aiki, sai ya ɗora hannun a gwiwa yana dannawa da manuniya, kamar mai buga tafireta. Na ware masa hannu guda, na rage kaurin robobin da reza don su yi laushi, na naɗa masa farin salatif, kuma wannan kam ban taɓa yi masa wasan labule ba. Kowace Lahadi wasa ɗaya yake yi. Bai iya ba, gaskiya, har ƙarshe bai iya ba. Dabararsa ɗaya ce, duk inda ƙwallo take a kai wa lamba tara. In Makus ya ci, ba ya ihu, sai ya gyaɗa kai ya ce, "Ɗan banza," ya biya ya tafi.

Ba wanda ya kafa doka, amma doka ta kafu: ba a kwashe wa lamba tara ƙafa. Ka tare shi, ka ture shi, ka ƙwace ƙwallo in ka iya, amma ba ka zamewa ka share shi ta baya. Baƙo in ya zo daga Sakaba ko Dirin Daji ya zauna da Kofur, tun kafin a busa za a raɗa masa a kunne. Yaran nan da ke zagin iyayen juna a kan bugun kusurwa, shekara uku ba wanda ya karya wannan.

Sannan labarin sabon wasa ya iso. Oga Cidi ne ya dawo daga saro kaya ya ce wasan namu ɗin nan, shi kansa, an sake gina shi daga tushe don sabuwar na'ura, wata baƙa. Filaye iri ɗaya, kiɗan farko iri ɗaya, sai dai yanzu 'yan wasa suna da fuska, riga tana kaɗawa, ciyawa ciyawa ce. Wani yaro ya gani a Kwantagora ya zo ya ba da labari, shi ke nan na rasa sukuni. Safe da yamma maganar ɗaya ce. "Bawa, kai kaɗai ka rage a duniya." "Bawa, gidan tarihi ka buɗe?" Tanko mai faci, wanda a shagon nan ya tsufa, ya ce in ban kawo sabo ba zai riƙa hawa mota yana zuwa inda ake da shi. Ku ji da kyau, su suka roƙa. Ba ni na yi mafarkinsa ba.

Sabuwa biyu sai da tsofaffi huɗu suka tafi. Wani mai shagon kaset a Bena, Malam Sani, ya zo ya kwashe su har da faya-fayan, tunda namu na kwafi ne, sabuwar ba ta karɓarsu. Katin kaɗai na cire na sa a aljihu, sai farin hannun Kofur da na riƙe. Na tambayi Oga Cidi ko zai yi a sabuwa.

Ya ce, "Zai shiga, Bawa. Rami ɗaya ne. Ba wahala."

Ranar Talata na kunna. Shago ya cika har waje, masu babur sun ajiye babura suna leƙe ta taga. Minti goma na farko ba ka jin komai sai salati da kiran sunan Yesu. Ga gumi a goshin ɗan wasa, ga inuwa. Kafin la'asar murna ta fara tsami. Akwai wani wuri a gefen akwatin gola da in ka buga daga nan a tsohon wasa, ƙwallo sai ta shiga, kuskure ne na masu ginin, kuma rabin gwanayen shagona a kansa suka gina sunansu. An gyara shi. 'Yan wasa sun yi nauyi, ba sa juyawa nan take. An sauya wa madannai aiki, wanda kake matsa mutum da shi ya koma na zamewa. Kuma na'urorin tokumbo ne, kwancen Turai, su a wurinsu gicciye ne e, ƙwai ne a'a. Gwanaye suka koma 'yan koyo a yini ɗaya, yara ƙanana da ba su da abin mantawa suka riƙa lallasa su. Tanko ya sha huɗu a hannun ɗan aji biyu, ya ajiye hannu ya ce, "Wannan ba wasanmu ba ne. Sun ɓata shi."

Na ce, "Kai ka ce a kawo."

Ya ce, "Na ce a kawo namu mai kyau. Ban ce a kawo wani ba."

Washegari da safe, kafin kowa ya zo, na zauna da katin. Ya shiga ramin kamar yadda Oga ya ce, daram. Amma sabon wasan bai san da shi ba. Sai na fita daga wasan na shiga cikin na'urar kanta, inda take nuna abin da ke kan kati, da niyyar in kwafe ƙungiyar zuwa sabon kati ko za ta karanta daga can. Ga ɗan hoton ƙwallo nan, ajiyarmu ta shekara biyar. Rubutun na'urar ba Turanci ba ne, Jamusanci ne ko mene ne, ban sani ba. Na zaɓi layi na biyu. Wata tambaya ta fito mai tsawo, da alamar motsin rai a ƙarshe. Na ce a raina a'a, bari in fita in jira Oga. Kaina ya san an juya madannan, jiya na yini ina gaya wa mutane. Yatsana bai sani ba. Ya danna gicciye sau biyu, da sauri, yadda ya saba fitar da ni daga kowace matsala.

Hoton ƙwallon ya ɓace. Na cire katin na mayar. Na kashe na kunna. Na hura shi, na goge da sifirit, abin da na san ba ya dawo da komai. Fili fetal.

Ban gaya wa kowa ba. Ina da kwana huɗu kafin Lahadi, sai na yi abin da mai gyara ya saba, na ce zan gyara. Sabon wasan yana barin ka ƙera fuska, hanci, ido, tsayi, launin fata. Na je wurin wani abokin Markus na aro hotonsu na gama makaranta, na jingina shi a jikin talabijin. Kwana uku ina yi, duk lokacin da na'ura ɗaya ta samu sarari. Na yi shi gajere yadda yake, baƙi, mai faɗin goshi, da 'yar wushiryarsa. Na rubuta sunan daidai, da harafin da ya bari. Wallahi ya fito. Tanko da ya gani sai da ya ja da baya ya ce, "Kai, Bawa, wannan ai shi ne." Na ji daɗin kaina ƙwarai, har ina ganin Kofur zai gode mini.

Ran Lahadi Kofur ya zo da rigar coci. Na ce masa an samu ci gaba, na miƙa masa farin hannunsa, wanda na riga na gwada ya yi a sabuwar. Tanko ya zauna a ɗaya gefen. Da 'yan wasa suka fito fili, hoto ya matso kan fuskar lamba tara, ya tsaya a kanta, idon yana ƙiftawa. Kofur ya ƙura masa ido.

Can ya ce, "Wa ya gajarta shi?"

Na ce, "Ai haka yake, Kofur."

"Na san yadda yake. Ni na goya shi." Ya nuna sunan da haɓa. "Wannan kuma wa ya sa ka?"

Aka busa. Ya yi ta lalube da madannan da suka juye masa, da ƙyar ya kai wa lamba tara ƙwallo. Markus ya ɗauka ya nufi raga. Tanko ya biyo shi ta baya don ya matsa shi kawai, yadda ya yi sau ɗari a tsohon wasa, ya danna inda ya saba. Ɗan wasansa ya zame da ƙafa biyu ya kwashe shi.

A tsohon wasa in an yi haka, mai kan bulo ya faɗi ya tashi, shi ke nan. Wannan kuwa an gyara shi. Hoto ya matso. Markus yana birgima a ciyawa, ya riƙe gwiwa, baki a buɗe, wushiryar da na kwana uku ina daidaitawa tana waje. Aka maimaita faɗuwar a hankali, ta gaba, ta gefe. Sannan mutum huɗu suka shigo da gadon ɗaukar majinyaci, suka ɗora shi, suka fita da shi daga fili, hannunsa ɗaya yana lilo.

Tanko ya saki hannun gem ya faɗi ƙasa. "Kofur, wallahi ba da gangan ba. Madannin ne."

Kofur ya kalli allon har aka sako wani a madadin lamba tara. Ya ajiye farin hannun a benci a hankali, ya miƙe.

Ya ce, "Bawa, wannan na yara ne, bar musu. Lahadi mai zuwa ka mayar mini da nawa. Dogon."

Na buɗe baki na ce, "To, Kofur."

Daga nan shekarar ta lalace. Tsofaffin 'yan wasana suka janye ɗaya bayan ɗaya, suna cewa na kashe musu wasa. Yaran da suka so sabon ba su da abin biya, kuma na'ura biyu ba ta ɗaukar abin da huɗu ke ɗauka. Na hau motar Bena na sami Malam Sani na ce ya sayar mini da ɗaya daga cikin tsofaffin, da faifan ƙwallo.

Ya dube ni yana murmushi ya ce, "Kai da kac ce sun tsuhwa? Mi ya hwaru? Mu nan yara na son abinsu hakanan, ba mu da gaggawa."

Ya sayar mini, a farashin da ya ga dama. Na dawo da ita a cinya, na aika aka gaya wa su Tanko cewa wasansu ya dawo. Suka zo kuwa, su bakwai, da murna. Na kunna. Kiɗan farko ya tashi suka yi shewa. Da 'yan wasa suka fito, shewar ta mutu. Wani ya ce talabijin ɗin ce ta lalace. Wani ya ce ɗan Bena ya musanya mini faifai da jabu, don namu bai kai haka muni ba. Faifan nan da hannuna na rubuta sunana a kansa. Sati uku kacal idonsu ya yi a kan sabon, ya ishe su ƙin tsohon, hannunsu kuma ya ƙi sabon. Suka yi wasa bibbiyu suka watse. Abin da suke so in kawo musu ba a taɓa sayar da shi a ko'ina ba, kuma ni suka ɗora wa laifin rashinsa. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Amma ni ba don su na je Bena ba. So nake in sake gina Makus a tsohon wasan, a tsohon katin, in miƙa wa Kofur in yi shiru, irin wasan salatif. Sunan mai sauƙi ne, tsayi ma haka. Da na iso sauran sai na tsaya. Gashinsa wane iri ne cikin iri takwas? Da wace ƙafa yake bugu? Ƙarfin harbinsa nawa Markus ya sa? Na kira Tanko gefe na gaya masa gaskiya, ya riƙe kai, sannan ya ce ƙafar hagu ce, ya rantse. Wani da muka tambaya da dabara ya ce dama ce, kuma takalminsa fari. Na uku ya ce ai aski ne da shi ƙwal. Shekara biyar muna kallon ɗan wasan nan kowace rana, ba mutum biyu da suka yarda a kan kamanninsa. Mutum ɗaya ne a garin nan ya san shi ƙafa da kai, kuma shi ne wanda nake shirin yaudara.

Lahadi ta zo na rufe shago na tafi ƙauye gaisuwar da ba ta wajaba ba. Ta biyu na ce janareto ne. Ta uku ban ma nemi dalili ba, na sa kwaɗo na zauna a gida. Lahadi ce ranar da ta fi kowace kawo mini ciniki, na yi ta kashe ta da hannuna don tsoron mutum ɗaya mai rigar coci. Maƙwabcina mai shayi yakan ce mini, "Sojan nan ya zo, ya tsaya kusan awa."

Ranar wata Alhamis da hantsi ina zaune na buɗe cikin wani hannu, ƙusoshi a murfin gwangwani, sai inuwa ta rufe ƙofa. Kofur ne, ya taso daga gadi ke nan, da kakinsa. Ba kowa a shagon. Ya ga tsohuwar na'urar a kan tebur, fuskarsa ta saki.

Ya ce, "Ashe ka dawo da ita. Me ya sa kake gudu na?"

Na ajiye sukurdireba. Na ciro katin daga aljihu na ɗora a benci tsakaninmu, na gaya masa komai, tun daga maganar Oga Cidi har zuwa tambayar da ban iya karantawa ba. Ban rage ba, ban kuma ce laifin Turawa ne ba, ko da yake a raina na sha faɗa. Na ce masa ina iya gina wani mai kama da shi, in ya zauna ya gaya mini gashin da ƙafar.

Ya girgiza kai. "Wanda shi ya yi da hannunsa nake zuwa gani. Naka na gani ai."

Ya ɗauki katin ya juya shi, ya karanta bayansa kamar akwai abin karantawa. Na jira ya zage ni. Na so ya zage ni, da na samu abin riƙewa.

Ya ce, "Wanne ka danna?"

Na ce, "Gicciye."

"Don ka fita."

"Don in fita."

Ya kalli manuniyarsa, wadda na yi wata uku ina koya wa hanya.

Ya ce, "Kai ka koya mini haka. Da ni ne ma, shi zan danna."

Ya sa katin a aljihun kakinsa ya maɓalle, ya ce in gaida gida. Na sayar da sababbin na'urorin kafin damina, na koma gyaran talabijin. Kofur Ishaya yana nan da ransa, ya tsufa, muna haɗuwa a tasha mu gaisa da hannu biyu, ya tambayi iyalina da sunayensu. Ƙanensa ne dai bai ƙara ambata a gabana ba.